Tsadar Tikitin Jirgin Sama da Ƙarin Kuɗaɗen da Ake Ɗora wa Fasinja: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya saba tafiya tsakanin Kano da Legas, ko yake biya wa iyayensa kuɗin Umra, ko yake da ɗa mai karatu a Alƙahira, ya ga yadda kuɗin jirgi ya koma a 'yan shekarun nan. Jiki magayi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi ji a bakin 'yan uwa da abokan tafiya. Tsadar tana da dalilai na gaskiya, ruwa ba ya tsami banza. Sai dai akwai kuɗaɗen da ake karɓa don kawai fasinja bai sani ba, kuma su ne suka fi ci mini rai, domin da sani kaɗan ana iya kauce musu.

Me ya sa kuɗin jirgi ya yi tashin gwauron zabi haka?

A Najeriya amsar ta fara ne daga dala. Kamfanin jirgi yana sayar da tikiti da naira, amma kusan duk abin da yake kashewa da dala ake lissafa shi: hayar jirgin kansa, kayan gyara, inshora, horar da matuƙa a ƙasashen waje, da babban gyaran da ake yi wa jirgi bayan kamar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wanda galibi sai an kai shi wata ƙasa. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Kamfanin da ke biyan hayar jirgi wata-wata bai ƙara jirgi ko ɗaya ba, amma nairar da zai tara kafin ya biya wannan hayar ta ninka sau uku. A kan kujeru zai raba ta.

Sai man jirgi. Tun kafin faɗuwar naira ya riga ya hargitsa lissafi. A watan Mayun 2022 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta Najeriya ta yi barazanar dakatar da tashi gaba ɗaya, tana cewa litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700 cikin 'yan watanni. A farkon shekarar 2022 ɗin ne kamfanonin cikin gida suka mayar da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000, mutane suka yi ta kuka. Yau wanda ya samu tikitin Kano zuwa Legas a wannan kuɗin sai ya ce ya yi tsintuwa.

Na uku shi ne ƙarancin jirage, kuma wannan matsalar duniya ce. Daga 2023 an ajiye ɗaruruwan jiragen Airbus a ƙasa saboda aibin da aka gano a injinan kamfanin Pratt & Whitney. Kamfanin Boeing kuma, bayan wani sashe na jikin jirginsa ya ɓalle a sama a Amurka a watan Janairun 2024, hukumar ƙasar ta taƙaita yawan jiragen 737 MAX da zai riƙa ƙerawa a wata. Idan sabon jirgi ya yi wuya, tsoho ma sai ya yi daraja, kuɗin haya ya hau, ƙananan kamfanoni irin namu su ne a ƙarshen layi.

Ga kuma halin da hanyoyinmu ke ciki. Bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, mutane da yawa da ba su saba hawa jirgin sama ba sun koma can don tsira da rai. Masu nema sun ƙaru, kujeru ba su ƙaru ba.

Ai yanzu ana tace man jirgi a gida, me ya hana farashi saukowa?

Matatar Ɗangote ta fara fitar da man jirgi a 2024, har tana sayarwa ƙasashen waje. Hakan ya rage fargabar yankewar mai, amma ɗanyen man da ake tacewa da farashin duniya ake sayensa, don haka abin da ya fito ma farashin duniya yake bi. Ban da haka, sai an ɗauko man a tanka daga kudu zuwa Kano, Sakkwato ko Maiduguri, shi ya sa lita ta fi tsada a filayen jirgin arewa.

Duk kuɗin da na biya aljihun kamfani yake shiga?

A'a. Ka buɗe rasit ɗin tikitinka ka duba ƙasa, za ka ga an rarraba kuɗin gida-gida. Akwai asalin kuɗin kujera. Akwai kashi 5 cikin ɗari da ake cira a kan kowane tikiti a miƙa wa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA, ita kuma ta raba da sauran hukumomin fannin, irin su NAMA mai kula da sararin samaniya da NiMet mai hasashen yanayi. Akwai kuɗin hidimar fasinja na hukumar filayen jirgi ta FAAN, wanda a 2020 aka ninka shi: na cikin gida daga naira 1,000 zuwa 2,000, na ƙasashen waje daga dala 50 zuwa 100. Idan tafiyar waje ce, ƙasar da za ka sauka da wadda za ka yada zango kowacce tana da nata. Birtaniya, alal misali, tun 1994 take karɓar haraji a kan fasinjojin da ke tashi daga filayenta, kuma na doguwar tafiya ya fi yawa.

Amma akwai layi ɗaya da ya kamata ka sa wa ido. Za ka gan shi da alamar YQ ko YR, jere da haraji kamar shi ma haraji ne. Ba na gwamnati ba ne. Ƙari ne da kamfani ya ɗora da kansa, asalinsa da sunan tsadar mai, kuma aljihunsa yake komawa. A wasu tikitocin ma yakan fi asalin kuɗin kujerar yawa.

Kada kuma a ɗauka kamfanonin suna iyo cikin riba. Ƙungiyar IATA ta kamfanonin jiragen sama na duniya takan fitar da lissafi duk shekara, kuma ribar da ke saura a kan fasinja ɗaya ba ta kai dala 10 ba, a Afirka kuwa wajen dala ɗaya ce. Wannan ne ya tura su neman kuɗi ta wasu ƙofofi, kuma ta nan ƙarin caje-cajen suka shigo.

Ni da wanda ke zaune kusa da ni jirgi ɗaya, kujera iri ɗaya, amma kuɗinmu ya bambanta. Ba cuta ba ce?

Tsarin sayarwar ke nan. Ana kasa kujerun jirgi kashi-kashi, kowane kashi da farashinsa da sharuɗɗansa. Kashin araha kujeru kaɗan ne. Da sun ƙare, kwamfuta ta rufe su ta buɗe na sama da su. Shi ya sa za ka duba da safe ka ga kuɗi kaza, ka je ka haɗa kuɗin ka dawo da la'asar ka tarar ya hau. Wanda ya saya da wuri ya samu kashin farko, wanda rasuwa ko wata larura ta taso masa ranar tafiya shi ke biyan mafi tsada. Abin da ban tausayi, domin wanda ya fi shiga matsi shi ya fi jin jiki, amma haka ake yi a ko'ina.

Abu ɗaya mai amfani: idan kuna da yawa, ku gwada neman kujera ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu. Idan ka nemi kujeru biyar a tare alhali uku suka rage a kashin araha, sau da yawa dukkan biyar ɗin za a ba ka su a farashin kashi na gaba.

Me ya faru a 2022 da 2023 da tikitin waje daga Najeriya ya fi na maƙwabta tsada?

Kamfanonin waje suna sayar da tikiti da naira, sannan su nemi Babban Banki ya canza musu zuwa dala su kai gida. A lokacin dala ta yi ƙaranci, kuɗinsu ya maƙale, har ya haura dala miliyan 800 a 2023, mafi yawa a duniya. Emirates ta dakatar da zuwa Najeriya a 2022, ba ta dawo ba sai ranar 1 ga Oktoban 2024. Waɗanda suka tsaya kuwa sai suka rufe kashin kujerun araha ga masu saye daga Najeriya, suka bar masu tsada kawai. A lokacin ne mutane suka riƙa tsallakawa Kwatano ko Akara su hau jirgi daga can.

Abu biyu suka sassauta lamarin a 2024. An biya kusan dukkan kuɗin da ya maƙale, kamfanonin suka sake buɗe ƙananan farashi. Sannan ranar 30 ga Maris 2024 Air Peace ta fara tashi daga Legas zuwa filin Gatwick na Landan da farashi ƙasa da na sauran, nan da nan su ma suka sauke nasu. Wannan ya nuna ƙarara cewa ba duk tsadar ce ta dole ba. Wani ɓangarenta rashin abokin gogayya ne.

Daga ina al'adar cajin kaya da kujera ta samo asali?

Da can tikiti ɗaya ya ƙunshi komai: kujera, akwati, abinci. Kamfanonin araha na Turai da Amurka, irin su Ryanair da Spirit, su suka fara ɓalle kowane abu suna sayar da shi daban. Manyan kamfanoni suka bi sahu a 2008, shekarar da gangar ɗanyen mai ta kai kusan dala 147: American Airlines ta fara karɓar dala 15 a kan akwatin farko. Mai ya sauko daga baya, cajin bai sauko ba. A 2010 Spirit ta fara cajin jakar hannu ma. A 2023 kaɗai kamfanonin Amurka sun tara wajen dala biliyan 7 daga kuɗin kaya, kuma wani rahoto na majalisar dattawan ƙasar ya nuna kamfanoni biyar sun samu dala biliyan 12.4 daga sayar da zaɓin kujera tsakanin 2018 da 2023. Hatta Southwest, da ta yi shekaru tana tallar cewa akwati biyu kyauta ne, ta janye a watan Mayun 2025.

Wasu hukumomi sun fara taka burki. A watan Nuwamban 2024 Sifaniya ta ci tarar kamfanonin araha biyar yuro miliyan 179, saboda abubuwa irin su cajin jakar hannu da cajin iyaye kafin su zauna kusa da 'ya'yansu.

Wane ƙarin kuɗi ne ya fi kama mutanenmu?

Kuɗin nauyin kaya, babu tantama. Mu ba ma zuwa wajen mutum hannu rabbana, ba ma kuma dawowa babu tsaraba.

Wata safiya a filin jirgin Malam Aminu Kano na tsaya a bayan wata dattijuwa da za ta je wajen 'yarta da ta haihu a waje. Aka ɗora akwatinta a sikeli, ya zarce da kilo bakwai. Ma'aikaciyar ta faɗi kuɗin, dattijuwar ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yar nan, ki taimaka, kayan mai jego ne." Ita kuma ta ce, "Wallahi Mama ba daga ni ba ne, na'ura ce ke lissafawa." Nan ta durƙusa a gaban jama'a ta zuge akwatin: ƙullin kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa a leda uku-uku, yajin jego, garin kunun kanwa, turaren wuta a kwalba. Tana ɗaga wannan tana ajiye wancan, ta rasa wanda za ta bari. Ƙarshe jikanta da ya rako ta ya koma gida da rabin garin kunun da atamfa biyu. Ba ta yi laifin komai ba. Wanda ya saya mata tikitin ne bai gaya mata kilo nawa aka yarje mata ba.

Ga abin da ya kamata a sani. Tsarin kaya iri biyu ne. Wasu kamfanoni jimillar nauyi suke dubawa, wasu kuma adadin akwatuna, galibi biyu masu kilo 23 kowanne a tafiyar waje. A tsari na biyu, idan akwati ɗaya ya kai kilo 28 ɗayan kuma 15, ba za a ce sun cike juna ba, mai 28 ɗin za a caje shi. Sai ka daidaita su tun daga gida. Akwati ɗaya kuma ba a yarda ya wuce kilo 32 ba ko da za ka biya, saboda lafiyar masu ɗaukarsa. Jakar hannu yawanci kilo 7 ce. Idan ka san kayanka za su zarce, ka sayi ƙarin nauyin a shafin kamfanin kafin ranar tafiya, domin a kantar filin jirgi ya fi tsada. Ƙaramin sikelin rataye da ake sayarwa a kasuwa kuwa kuɗinsa bai kai na kilo biyu na ƙari ba.

Sai a kula da wanda zai haɗa jirgin waje da na cikin gida a tikiti daban-daban. Ka sauka Legas da akwati biyu da kamfanin waje ya ɗauko maka kyauta, kamfanin da zai kai ka Kano bai san da wannan ba, tasa ƙa'idar zai bi, kuma nasa kilon bai kai haka ba.

Dole ne in biya kuɗin zaɓen kujera?

Ba dole ba ne. Tikitinka ya riga ya ba ka kujera. Shafin yakan nuna maka hoton cikin jirgi da farashi a kan kowace kujera kamar ba za ka wuce ba sai ka zaɓa, amma akwai wurin tsallakewa, a ƙananan haruffa. Idan ka tsallake za a ba ka kujera kyauta lokacin karɓar katin shiga. Mai tafiya da ƙananan yara, ko tsoho, ko matar da ba ta son zama tsakanin maza biyu, su je da wuri su yi wa ma'aikacin kanta bayani.

To tikitin araha da nake gani a intanet, araha ne da gaske?

Wani lokaci. Idan daga kai sai 'yar jakarka, kwana biyu za ka yi ka dawo, kuma ranar tafiyarka ba za ta motsa ba, ka saya. Idan kuwa akwai akwati, to kada ka kwatanta farashin shafin farko. Ka bi matakan saye har zuwa wurin biya a kamfanoni biyu ko uku, ka sa kayanka a ciki, sannan ka kwatanta jimillar. Sau da yawa wanda ya fi tsada a farko shi ke fin sauƙi a ƙarshe. Araha ba ta ado.

Masu zuwa Turai su ƙara kula da biyu. Wasu kamfanonin araha suna cin tara mai nauyi idan ba ka yi rajistar shiga ta waya ba ka zo kanta a yi maka. Kuma sukan sauka a filin da ke nesa da birnin da aka rubuta, kuɗin motar shiga gari ya cinye abin da ka rage.

Idan ni ne na fasa tafiya, ko na makara, ko aka yi kuskure a sunana fa?

Nan sharuɗɗan kashin tikitinka suke aiki, kuma a nan tikitin araha yake nuna halinsa. Canza rana yakan jawo kuɗi biyu: tarar canji, da cikon bambancin farashi tsakanin tsohon tikiti da na sabuwar ranar. Idan ka san ba za ka samu tafiya ba, ka sanar kafin jirgi ya tashi. Wanda bai zo ba bai kuma sanar ba tararsa ta fi yawa, wani tikitin ma ya mutu ke nan.

Mutane da yawa ba su san wannan ba: idan tikitinka na zuwa da dawowa ne, ko mai zango biyu, ka ƙi hawa na farko, kwamfuta takan soke sauran gaba ɗaya. Kada ka ce za ka bi mota zuwa Abuja ka tari zango na biyu ba tare da an gyara tikitin ba.

Suna kuwa a rubuta shi harafi da harafi yadda yake a fasfo. Mu da muke da Muhammad da Mohammed da Muhammadu, da A'isha da Aishatu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gyaran harafi ɗaya ko biyu wasu kamfanoni sukan yi, amma sauya suna gaba ɗaya ba a yi. Ko da tikitin ba a mayar da kuɗinsa, ka nemi a dawo maka da harajin filin jirgin da ba ka yi amfani da shi ba. Mai sayen tikitin zuwa Amurka daga hannun kamfanin jirgin kansa kuma galibi yana da awa 24 da zai iya fasawa a mayar masa da kuɗinsa cif, muddin saura aƙalla kwana bakwai a tashi.

Idan kamfanin ne ya soke tashi ko ya jinkirta, mene ne haƙƙina?

Wannan ce tambayar da na fi so kowa ya riƙe amsarta. An taɓa soke mana tashi daga Abuja bayan mun wuni a zaune tun hantsi. Da magariba aka ce kowa ya tafi, za a tuntuɓe mu. Na kwana a masauki da kuɗina, na sayi wani tikitin a wani kamfani da kusan ninki biyu, na kuma yi wata biyu ina bin kuɗina na farko. A lokacin ban san doka tana bayana ba.

A Najeriya dokokin kare fasinja na NCAA, sashe na 19, sun ce a tafiyar cikin gida idan jinkiri ya kai awa biyu a ba ka abin taɓawa, idan ya wuce awa uku kana da damar ka ce a mayar maka da kuɗinka ka fasa, idan kuma ya kai ku cikin dare a ba ku masauki da motar kai ku. Wanda ya biya da tsabar kuɗi a kanta a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki ko intanet cikin kwana 14. Idan aka ce za a ba ka takardar da za ka yi wata tafiya da ita a madadin kuɗi, kana iya ƙi.

Idan hazon hunturu ne ya hana tashi, kamar yadda ake yawan gani a Kano da Maiduguri da Yola daga Disamba zuwa Fabrairu, kamfani ba ya biyan diyya, domin ba laifinsa ba ne. Amma kuɗin tikitin da ba a yi tafiya da shi ba yana nan naka.

A Tarayyar Turai dokar ta fi ƙarfi. Duk jirgin da ya tashi daga can, ko jirgin kamfanin Turai da ya nufi can, idan ya isa da jinkirin da ya kai awa uku bisa laifin kamfani, diyyar doguwar tafiya tana kaiwa yuro 600. Wanda ya hau Air France ko Lufthansa daga Abuja yana cikin masu wannan haƙƙin. Akwatin da ya ɓata ko ya lalace kuma yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce ke hukunci a kansa. Kada ka fita daga zauren ɗaukar kaya sai ka cike takardar ƙorafi. Na lalacewa kwana bakwai gare ka ka rubuta, na jinkirin isowa kwana 21.

Tsadar jirgi ce ta sa kujerar Hajji ta kai inda ta kai?

Tana ciki, amma ba ita kaɗai ba. Kuɗin kujera ya haɗa jirgi, masauki a Makka da Madina, hidimar Mina da Arfa, abinci da guzuri, kuma kusan dukkansu da dala ko riyal ake biya. A 2023 kujera ba ta kai naira miliyan 3 ba. A 2024 hukumar alhazai ta NAHCON ta fara sanar da miliyan 4.7 zuwa 4.9, daga baya ta nemi maniyyata su cika wajen miliyan 1.9 saboda faɗuwar naira. A 2025 ta haura miliyan 8. Inda jirgi ya fito fili shi ne 2023, lokacin da yaƙin Sudan ya rufe sararin samaniyar ƙasar. Hanyar da ta fi kusa daga arewacin Najeriya zuwa Jidda ta kan Sudan take bi, da aka koma zagaye sai kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane alhaji.

Masu Umra su sani goman ƙarshe na Ramadan shi ne ƙololuwar tsada, a jirgi da masauki duka. Su kuma tambaya tun kafin biya ko galan ɗin zamzam mai lita 5 yana cikin kayan da aka yarje musu.

Me ya sa zuwa ƙasar maƙwabta yake neman fin zuwa Dubai tsada?

Daga Kano zuwa Yamai ko Injamena ba wata tafiya ba ce a taswira, amma mai son zuwa ta sama yakan zagaya ta Abuja ko Legas, ya yada zango a Lome ko Abijan, ya biya harajin filin jirgi a kowace tasha. Fasinjoji kaɗan ne, kamfanoni kaɗan ne, haraji kuma ya yi yawa. Tun 1999 ƙasashen Afirka suka amince a Yamusukuro, babban birnin Cote d'Ivoire, za su buɗe wa juna sararin samaniya, aka sake ƙaddamar da shirin a 2018, amma aiwatarwa tana tafiyar hawainiya. A taronsu na Disamban 2024 shugabannin ECOWAS sun amince a soke wasu haraje-haraje a kuma rage kashi 25 cikin ɗari na kuɗin fasinja da na tsaro daga Janairun 2026. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka matakin bai hau kansu ba.

In saya da kaina a intanet ko in bi ta ejan?

Tafiyar cikin gida mai sauƙi, ka saya a shafin kamfanin kai tsaye. Idan matsala ta taso, kai da su ne, babu na tsakiya. Tafiya mai zango da yawa, ko ta tsoho, ko ta ayari, ejan nagari ya ci kuɗinsa, domin shi zai tsaya maka idan jirgi ya canza lokaci. Amma ka tambaye shi ladansa nawa ne daban da kuɗin tikiti, ka kuma karɓi lambar tikiti mai lamba 13, ka shiga shafin kamfanin ka tabbatar sunanka ya fito. Takardar riƙe kujera ba tikiti ba ce, tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu idan ba a biya ba, kuma da ita 'yan damfara suke cutar mutane.

Yaushe ya fi dacewa a saya?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Na cikin gida makonni biyu zuwa huɗu kafin ranar, na waje wata biyu ko uku. Jajibirin Sallah, ƙarshen Disamba, da Agusta zuwa Satumba lokacin komawar ɗalibai, waɗannan sai an riga kowa. Talata da Laraba sun fi Juma'a da Lahadi sauƙi. Jirgin asuba kuma ya fi tashi a kan lokaci, domin jinkiri taruwa yake yi yayin da rana ke yi.

Idan an cuce ni, ina zan kai kuka?

Ka fara da kamfanin, a rubuce, ta imel, ba da baki a kanta ba. Ka sa lambar tikiti, ranar tafiya, abin da ya faru, da abin da kake nema a yi maka. Ka ajiye katin shiga jirgi, ɗan tikitin da ake liƙa wa akwati, rasit na masauki da na mota, ka ɗauki hoton allon da ya nuna an jinkirta ko an soke. Idan kwana 14 suka wuce babu amsa mai gamsarwa, ka kai wa sashen kare fasinja na NCAA. Suna da jami'ai a manyan filayen jirgi, suna kuma karɓar ƙorafi ta shafinsu na intanet. Idan batun farashi ne da aka ɓoye ko aka canza bayan ka biya, hukumar kare masu saye ta FCCPC ita ma tana saurare. Idan kun yi yawa a jirgin da aka soke, ku karɓi lambobin juna tun kuna filin, ku rubuta ƙorafin a tare da sunayenku duka.